Kalma Ya Zama Mutum: Tambayoyi da Amsoshi kan Kalmomin Girkanci da Ke Bayyana Zuwan Almasihu Cikin Jiki

Waɗannan tambayoyi ne da kan taso a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, a darasin masu shirin baftisma, da kuma wurin masu shirya wa'azin Kirsimeti. An rubuta kalmomin Girkancin da haruffan boko domin wanda bai koyi harshen ba ya iya bin bayanin.

Me ya sa sai an koma Girkanci? Littafi Mai Tsarki na Hausa bai isa ba ne?

Ya isa a ji bishara, a ba da gaskiya, a rayu a kanta. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma sake fassara shi daga baya. Amma dukan littattafai 27 na Sabon Alkawari da Girkanci aka rubuta su, wato abin da fassarar Hausa ke kira Helenanci. Irin Girkancin kuwa shi ne koine, harshen ciniki da wasiƙu a gabashin daular Roma, wanda kowace kabila ke ji, kamar yadda Hausa ke haɗa mutane daga Kano zuwa Agadas har zangon Kumasi. Majalisun ikkilisiya da suka tsara aƙidar zaman Almasihu mutum, a Nikiya (325), Kustantiniya (381), Afisa (431) da Kalkedon (451), su ma da Girkanci suka yi muhawararsu. Mai fassara dole ya zaɓi kalma ɗaya a inda ta asali ke ɗauke da fuska biyu ko uku. Komawa Girkanci na nuna abin da aka bari a baya lokacin wannan zaɓin.

Mene ne logos, kuma me ya sa ake cewa "Kalman nan" maimakon "Kalmar nan"?

Logos na nufin magana, zance, bayani, dalili, har da lissafin da bawa ke bayarwa ga ubangidansa. Ta fito sau ɗari uku da wani abu a Sabon Alkawari, mafi yawansu da ma'anar magana ta yau da kullum. A Yahaya 1 ne ta zama suna. Masana falsafar Girka, tun daga Hiraklitus wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, sun yi amfani da ita don hikimar da ke riƙe da tsarin duniya, Filo Bayahuden Iskandariya ma ya yi rubutu mai yawa a kanta. Amma ƙofar da Yahaya ya buɗe ta fi fuskantar Tsohon Alkawari. Ya fara da en arche, "a cikin farko", daidai kalmomi biyun da suka buɗe Farawa 1:1 a fassarar Girkanci ta Yahudawa. A can Allah ya yi magana, abu ya kasance. Zabura 33:6 ta ce da maganar Ubangiji aka yi sammai.

Game da nahawu: a Hausa "kalma" tamace ce, kunne na son "kalmar nan take". Fassarar Hausa da aka fi sani ta ce "Kalman nan kuwa tare da Allah yake". Da gangan ne. Logos namiji ne a nahawun Girkanci, kuma wanda ake magana a kansa ba furuci ba ne da ke fita daga baki ya ɓace, wani ne da aya ta 14 zuwa 17 za su kira da sunansa, Yesu Almasihu.

Alƙur'ani ma ya kira Isa kalmar Allah. Abu ɗaya ake nufi?

Lafazin ya yi kusa, ma'anar ta bambanta, kuma faɗin hakan a fili shi ne mutunta juna. A Suratun Nisa'i aya ta 171 an kira shi kalmarsa da ya jefa ga Maryamu. Malaman tafsiri na Musulunci galibi sun bayyana cewa an halicce shi ne da umarnin "kun", ba tare da uba ba. Yahaya kuwa cewa yake Kalman yana nan tun kafin halitta, ta wurinsa aka yi kome, shi kansa ba a yi shi ba.

Wasu na cewa Yahaya 1:1 kamata ya yi a fassara "Kalman wani allah ne". Gaskiya ne?

Jimlar ita ce kai theos en ho logos, wato "Kalman nan kuwa Allah ne", inda theos ke nufin Allah. Kalmar ho ita ce alamar tantancewa, tana aiki kusa da "-n", "-r" ko "ɗin" na Hausa. Logos na da ita, theos ba ta da ita, a nan gardamar take. Fassarar Shaidun Jehobah ta jingina da wannan rashi.

Abu uku ke warware matsalar. Na farko, idan sunaye biyu suka haɗu da aikatau "kasance", mai ɗauke da ho shi ne wanda ake magana a kansa, ɗayan kuwa bayani ne game da shi, kuma idan bayanin ya riga aikatau zuwa, yakan zo babu ho. Na biyu, a wannan sura theos ta zo babu ho a aya ta 6, 12, 13 da farkon 18, ba kuwa mai fassara ta "wani allah" a waɗannan wurare. Na uku, da Yahaya ya sa ho a duka biyun, da jimlar ta nuna Kalman shi ne Uban kansa, ta rushe abin da ya faɗa yanzun nan cewa Kalman yana pros ton theon, tare da Allah, yana fuskantarsa. Da wannan tsari ya riƙe abu biyu: Kalman dabam yake da Uba, amma duk abin da ya sa Allah ya zama Allah yana gare shi.

Ina bambancin en da egeneto?

En na nufin "yana nan", ba ta nuna mafari. Sau huɗu ta zo a aya biyu na farko, duka game da Kalman. Egeneto na nufin "ya kasance, ya zama, ya auku", ita ce kalmar abin da ke da ranar farawa. Aya ta 3 ta yi amfani da ita don halitta, aya ta 6 don Yahaya Mai Baftisma. Sai a aya ta 14 ta sauka a kan Kalman: ho logos sarx egeneto, "Kalman ya zama mutum". Wanda yake nan tun fil azal ya shiga sahun abubuwan da ke da mafari. Haɗin nan ya sake fitowa a 8:58: kafin Ibrahim ya kasance, ni ne.

Kalmar "zama" ta Hausa tana da wani tarko da ya kamata malami ya sani. A tatsuniya mutum kan zama kura, wato ya rikiɗa, siffar farko ta tafi. Ba haka ake nufi ba. Aya ta 14 ɗin ta ci gaba da cewa an ga ɗaukakarsa, ke nan Kalman bai daina zama Kalma ba. Tarko na biyu shi ne hoton iskar da ta hau mutum ta sauka. Iraniyas, wani bishop na ƙarni na 2, ya ba da labarin wani Kerintus da ya koyar cewa Almasihu ya sauko kan Yesu a baftisma, ya bar shi kafin gicciye. Egeneto ta rufe wannan hanya: zama ya yi, ba hawa ba, ba aro ba.

Me ya sa Yahaya ya ce sarx, bai ce jiki ko mutum ba?

Yana da soma, jiki, yana da anthropos, mutum, amma ya ɗauki mafi kaushi cikinsu. Sarx, ana furta ta "sarks", nama ce, tsoka. A bayanta akwai basar ta Ibrananci, ɗan adam ta fuskar rauninsa, wanda Ishaya 40:6 ya kwatanta da ciyawa. Bisharar Yahaya ta nuna abin a aikace: Yesu ya gaji ya zauna a bakin rijiya da tsakar rana (4:6), ya yi hawaye a Betanya (11:35), ya ce yana jin ƙishirwa (19:28), mashi ya soke shi jini da ruwa suka fito (19:34). Bayan tashinsa ma ya ce a taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi (Luka 24:39).

Kuskure biyu aka yi da wannan kalma. Na farko na masu cewa jikin gani ne kawai, ana kiran koyarwarsu da sunan da ya fito daga dokein, "ya yi kamar". 1 Yahaya 4:2 ta mai da shaidar cewa Yesu Almasihu ya zo en sarki ma'aunin gane ruhun gaskiya, Ignatiyas na Antakiya ma ya yaƙi wannan koyarwa a wasiƙunsa a farkon ƙarni na 2. Na biyu na Afolinariyas na Lawudikiya ne a ƙarni na 4. Shi ya ɗauki sarx a matsayin gangar jiki kawai, ya ce Kalman ya maye gurbin hankalin ɗan adam, nous, a cikin Yesu. Giragori na Naziyanzus ya amsa cewa abin da Almasihu bai ɗauka ba, bai warkar ba. Idan zunubi ya shiga tunani da nufin mutum, Mai Ceto marar tunanin mutum ya bar ciwon a inda ya fi zurfi. Majalisar 381 ta ƙi koyarwar. Aƙidar Nikiya ta riga ta jera kalmomi biyu: sarkothenta, ya ɗauki nama, da enanthropesanta, ya zama mutum. Shi ya sa fassarar "ya zama mutum" daidai take, ko da yake ta ɗan rage kaifin ta asali.

A kula kuma: sarx a Galatiyawa 5 tana nufin halin mutum mai tawaye ga Allah. Wannan amfanin Bulus ne a wannan wuri, kada a kwaso shi a zuba a Yahaya 1:14. Shi kansa Bulus da ya zo maganar Almasihu a Romawa 8:3 ya ce "da kamannin jikin zunubi", ya tabbatar da jikin, ya raba shi da zunubin.

"Ya zauna a wurinmu": akwai wani abu a ɓoye a nan?

Akwai. Kalmar da aka fassara haka a Yahaya 1:14, eskenosen, daga skene take, alfarwa. Ma'anarta ta zahiri ita ce ya kafa alfarwarsa a tsakaninmu. Skene ce kalmar da fassarar Girkanci ta yi amfani da ita don alfarwa ta sujada, wadda girgije ya rufe, ɗaukakar Ubangiji ta cika ta a Fitowa 40:34. Shi ya sa Yahaya ya bi da maganar ganin ɗaukaka nan take. Wasu masu wa'azi na cewa tunda alfarwa ce, zaman na ɗan lokaci ne, ya tuɓe jikin bayan ya koma sama. Wannan bai tsaya ba. Aikatau ɗin nan ne aka yi amfani da shi a Wahayi 21:3 don zaman Allah da mutanensa har abada, 1 Timoti 2:5 kuma tana kiran matsakancin "mutum" bayan hawansa.

Monogenes "haifaffe shi kaɗai" ne ko "makaɗaici"?

Sau tara kalmar ta zo a Sabon Alkawari. Uku a Luka, game da 'ya'yan mutane: ɗan gwauruwar Nayin (7:12), 'yar Yayirus (8:42), da yaron da aljani ke kayarwa (9:38), duka da ma'anar tilo. Biyar a rubutun Yahaya game da Yesu (1:14, 1:18, 3:16, 3:18 da 1 Yahaya 4:9). Ɗaya a Ibraniyawa 11:17 game da Ishaku, nan ne kuwa abin lura yake, domin Isma'ilu ya girme shi da shekara 14. Ishaku ba shi kaɗai Ibrahim ya haifa ba, amma shi kaɗai ne ɗan alkawari. Masana da yawa na ganin kalmar ta haɗu ne daga monos, ɗaya tak, da genos, iri, wato wanda babu irinsa. Wasu na riƙe da cewa idan ana maganar ɗa, ma'anar haihuwa ba ta rabuwa da ita. Jerom ya sa unigenitus a fassararsa ta Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, daga nan "haifaffe shi kaɗai" ta bazu cikin fassarori. "Makaɗaici" ta Hausa ta kama gefen da babu gardama a kansa. A 1:18 tsofaffin kwafi, irin su P66, P75 da kundin Sina'i da na Batikan, suna da monogenes theos, makaɗaici wanda shi Allah ne, yawancin kwafin baya kuwa suna da monogenes huios, makaɗaicin Ɗa.

To "Ɗan Allah" na nufin Allah ya yi aure ya haihu?

A'a, ko kusa. Babu Kiristan da ya san aƙidarsa da zai yarda da wannan, zai ɗauke shi saɓo. Luka 1:35 ta yi amfani da aikatau biyu: Ruhu Mai Tsarki zai "sauko" a kanta, kalmar da aka yi amfani da ita don saukowar Ruhu kan almajirai a Ayyukan Manzanni 1:8, ikon Maɗaukaki kuma zai "inuwantar" da ita, episkiasei, kalmar girgijen da ya rufe alfarwa a Fitowa 40:35. Babu ɗaya cikinsu da ke da alaƙa da saduwar mace da namiji. Bugu da ƙari, zamansa Ɗa bai fara daga cikin Maryamu ba, Galatiyawa 4:4 ta ce Allah ya aiko Ɗansa, haifaffe daga mace. Ɗa ne kafin a aiko shi.

Akan kawo misalin "ɗan gari" ko "ɗan kasuwa" don nuna cewa Hausa na amfani da "ɗa" ba tare da haihuwa ba. Misalin na kawar da mummunar fahimta, amma a nan amfaninsa ya ƙare. Abin da ikkilisiya ke nufi ya fi salon magana nauyi: Ɗan daga Uba yake tun fil azal, zatinsu ɗaya.

Da gaske ne harafi ɗaya ya raba ikkilisiya?

Ariyus, dattijon ikkilisiya a Iskandariya, ya koyar cewa akwai lokacin da Ɗan ba ya nan, shi ne mafi girman halitta amma halitta ne. Ya jingina da Karin Magana 8:22 da kalmar prototokos, ɗan fari, a Kolosiyawa 1:15. An amsa masa cewa ɗan fari matsayi ne na gado da sarauta, Zabura 89:27 ta ba Dawuda wannan suna alhali shi ne auta a gidan Yesse, Kolosiyawa 1:16 kuma ta ce dukan abubuwa ta wurin Ɗan aka halitta. Rikicin ya ƙaru saboda genetos, wanda aka yi, da gennetos, wanda aka haifa, "n" ɗaya ce tsakaninsu, a baki kuwa kusan ɗaya suke. Majalisar Nikiya da Sarki Kustantin ya kira a 325, a garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya, ta raba su: haifaffe, ba halittacce ba. Masassaƙi na sassaƙa turmi, turmin ba irinsa ba ne, amma ɗan da ya haifa mutum ne kamarsa. Sai majalisar ta ƙara homoousios, zati ɗaya da Uba. Bishop biyu ne kawai suka ƙi sa hannu.

Harafin ya shigo ne daga baya, wajen shekarun 350, da wasu suka ba da shawarar homoiousios, mai zati irin na Uba, da ƙarin "i". Kamanni na da daraja hawa hawa, wani ya fi wani kama. Atanasiyas, bishop na Iskandariya, wanda aka kora daga kujerarsa sau biyar, ya dage cewa halitta ba ta iya haɗa halitta da Allah, duk kusancinta. Homoousios ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, an kuma yi wannan ƙorafi tun a lokacin. Dalilin ɗaukarta shi ne mabiyan Ariyus na iya amincewa da kowace aya su ba ta tasu ma'ana, wannan ce kalmar da suka kasa lanƙwasawa.

Filibiyawa 2:7 ta ce ya "wofintar da kansa". Me ya zubar?

Wannan ne wurin da aka fi tuntuɓe a wa'azi, don haka a bi shi kalma kalma. Aya ta 6 ta ce Almasihu yana cikin morphe, wato sura, ta Allah. Aya ta 7 ta ce ya ɗauki morphe ta bawa. Kalma ɗaya ce a wuri biyun, duk nauyin da aka ba ta a ɗaya dole a ba ta a ɗayan. Idan zamansa bawa gaskiya ne, zamansa cikin surar Allah ma gaskiya ne. Sai harpagmos, wadda sau ɗaya tak ta zo a Sabon Alkawari. Tushenta fizge ne, masana da yawa a yau na fahimtar jimlar da cewa bai ɗauki daidaitarsa da Allah abin ci da shi don amfanin kansa ba.

Sannan heauton ekenosen, ya wofintar da kansa. Ayar ba ta ambaci wani abu da aka zubar ba, ba ta ce ikonsa ko saninsa ba. "Kansa" ta ce. Abin da ya biyo baya shi ke bayyana yadda aka yi: labon, yana ɗaukar surar bawa, genomenos, yana zama cikin kamannin mutane. Wofintarwar ta wurin ɗauka aka yi ta. Sauran wurare huɗu da Bulus ya yi amfani da wannan aikatau (Romawa 4:14, 1 Korantiyawa 1:17 da 9:15, 2 Korantiyawa 9:3) duka ma'anarsu mai da abu ba kome ba ne, ba juye tulu ba. A ƙarni na 19 wani malamin Lutheran a Jamus, Gottfried Thomasius, ya koyar cewa Ɗan ya ajiye wasu siffofin allahntaka, kamar sanin kome da iko da kome. Matsalar ita ce siffofin Allah ba riga ba ce da ake tuɓewa, wanda ya rasa su ya daina zama Allah, Ibraniyawa 1:3 kuma ta ce shi ke riƙe da kome da maganar ikonsa.

A tuna da dalilin da ya sa Bulus ya kawo wannan magana. Yana roƙon 'yan'uwa a Filibi su bar son kai da neman girma. Hoton da ya fi kusa da ayar yana Yahaya 13: Ubangiji da Malami ya tashi daga cin abinci, ya ɗaura mayafi a ƙugu, ya zuba ruwa a daro, ya durƙusa gaban ƙafafu masu ƙura. Bai daina zama Ubangiji ba a lokacin da yake wankin, shi da bakinsa ya ce daidai ne su kira shi haka.

Akwai wasu kalmomin da suka tabbatar da allahntakarsa a cikin jiki?

Kolosiyawa 2:9 ta tara uku: pleroma, cika, theotes, allahntaka kanta, somatikos, cikin jiki, aikatau ɗin kuma na yanzu ne, "yana zaune". Ibraniyawa 1:3 ta kira shi charakter na zatin Allah, wato shaidar da hatimi ke bari a kan takarda ko tambarin da ake bugawa a kan kuɗi, duk abin da ke jikin hatimin ya fito.

Me ya sa ake ce wa Maryamu Theotokos? Allah na da uwa?

Kalmar na nufin wadda ta haifi Allah, kuma majalisar Afisa ta 431 ta kare ta ne don abin da take faɗa game da Yesu. Nestoriyas, bishop na Kustantiniya tun 428, ya fi son Christotokos, mahaifiyar Almasihu. Sairil na Iskandariya ya ga haɗari a nan: idan wanda Maryamu ta haifa ba Kalman ba ne da kansa, to akwai mutum dabam da Kalman ya raɓa, an sami 'ya'ya biyu ke nan. Uwa kuwa ba "hali" take haifa ba, wani take haifa. Babu mai cewa allahntaka ta samo asali daga gare ta. Alisabatu ta kira ta "uwar Ubangijina" a Luka 1:43. Furotesta da yawa ba sa amfani da laƙabin a sujada saboda gudun abin da mai ji zai ɗauka, amma aƙidar da ke ƙarƙashinsa ta Luther da Calvin ce ma.

Ousia, hypostasis, physis: yaya za a faɗe su da Hausa?

Ousia da physis na amsa tambayar "mene ne shi?", hypostasis kuma bayan an daidaita ma'anarta tana amsa "wane ne shi?". Sai da aka sha wuya kafin a kai nan. A Nikiya ana amfani da ousia da hypostasis kusan a matsayin abu ɗaya, kuma fassarar hypostasis kai tsaye a Latin ita ce substantia, don haka mutanen Yamma da suka ji "hypostasis uku" sai suka zaci alloli uku ake nufi. Taron Iskandariya na 362 da aikin Basil na Kaisariya da Giragori na Naziyanzus da Giragori na Nissa ne suka daidaita harshen: ousia ɗaya, hypostasis uku.

A Hausa "zati" ta dace da ousia. Physis ta fi wuya. Kiristocin Larabawa na cewa tabi'a, amma "ɗabi'a" a kunnen Bahaushe hali ne da tarbiyya, mai ji zai iya ɗauka ana nufin Yesu na da hali biyu. Ya fi sauƙi a ce allahntaka da mutuntaka. Hypostasis kuwa kada a fassara ta "mutum" idan ana maganar Uba ko Ruhu, a ce "shi ɗaya ne" ko "wanda" ya fi aminci.

Majalisar Kalkedon, a Oktoba 451, a unguwar da yau ake kira Kadikoy a Istanbul, ta ce Almasihu ɗaya ne, hypostasis ɗaya, a cikin physis biyu, ta kafa shinge da kalmomi huɗu: asynchytos, ba gauraye, atreptos, ba rikiɗa, adiairetos, ba rarrabawa, achoristos, ba rabuwa. Biyun farko sun tare koyarwar Yutikes, wadda mutuntaka ke narkewa cikin allahntaka, biyun ƙarshe sun tare abin da aka danganta wa Nestoriyas. Dukansu kore ne, sun faɗi inda ba a bi, ba su yi da'awar bayyana yadda haɗuwar ta kasance ba. Magabatan ikkilisiya kan kawo misalin ƙarfe a wutar maƙera: ya yi ja wur, yana ƙona abin da ya taɓa, amma ƙarfe ne har yanzu, idan maƙeri ya ɗora shi a uwar maƙera ya buga, ƙarfen ne ke lanƙwasa, wutar ba ta ji guduma. Misalin na da iyaka, domin ƙarfe kan huce, haɗuwar nan kuwa ba ta warwarewa.

Kiristocin Masar da Habasha da ba su karɓi Kalkedon ba, suna musun mutuntakar Yesu ne?

Ba sa musu. Kibɗawan Masar, ikkilisiyoyin Habasha, Eritiriya, Armeniya da Suriyawa sun tsaya kan lafazin Sairil, mia physis, physis ɗaya ta Kalman Allah da ya ɗauki jiki. A wurinsu physis na kusa da hypostasis, don haka "a cikin physis biyu" ta yi musu kama da raba Almasihu. Sun yarda da ek, daga biyu, sun ƙi en, a cikin biyu. Suna la'antar koyarwar Yutikes, shi ya sa kiransu masu physis guda tak ba adalci ba ne. Sunan ikkilisiyar Habasha ma, Tewahedo, haɗewa yake nufi. A 1973 Fafaroma Bulus na 6 da Fafaroma Shenuda na 3 sun sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa cewa Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum ne.

Yesu na da nufi ɗaya ne ko biyu?

Biyu, bisa majalisar Kustantiniya ta 680 zuwa 681: nufin allahntaka da nufin mutuntaka, na biyun yana biyayya ga na farkon ba da tilas ba. Hujjar tana Gatsemani, Luka 22:42, inda thelema nasa ya miƙa wuya ga na Uba.

Ban iya Girkanci ba. Yaya zan binciki kalma ba tare da na ɓata ba?

A fara da karanta sakin layin gaba ɗaya a fassara biyu ko uku, a ja layi a inda suka saɓa, nan ne yawanci kalmar ke da wuya. Sai a nemi Sabon Alkawari mai jera Girkanci da fassara layi bisa layi, akwai su kyauta a intanet, a ɗauki lambar kalmar a tsarin Strong, wanda ya ba kowace kalmar Girkanci lambarta: logos 3056, sarx 4561, skenoo (asalin eskenosen) 4637, monogenes 3439, morphe 3444, kenoo (asalin ekenosen) 2758. Da lambar za a ga duk inda kalmar ta fito. A fara da sauran wuraren da marubucin nan ya yi amfani da ita, sannan sauran Sabon Alkawari, sannan fassarar Girkanci ta Tsohon Alkawari. Daga ƙarshe a duba sharhin masani. Wanda ya ga ya gano ma'anar da babu wanda ya taɓa gani cikin shekara dubu biyu, ya sake duba aikinsa kafin ya hau bagade.

Kurakuran da aka fi yi uku ne. Ɗaukar tushen kalma a matsayin ma'anarta, alhali amfani ke ba kalma ma'ana. Kwaso dukan ma'anonin da ke ƙamus a jibga su a aya ɗaya, kamar a ce "kai" na nufin kan mutum, da kai kaya, da "kai!" na mamaki a jimla guda. Da kuma gina aƙida kan siffar aikatau kaɗai, misali cewa siffar aikatau da ake kira aorist kullum na nufin sau ɗaya har abada, alhali ita dai tana kallon aikin ne a dunƙule. Rabon da ake yi cewa logos rubutacciyar magana ce, rhema kuwa rayayyiya, shi ma bai tsaya ba: 1 Bitrus 1:23 ta kira maganar Allah logos mai rai, aya ta 25 ta kira ita wannan maganar rhema. Mai son ya koyi harshen sosai zai same shi a makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru da makarantar ECWA a Jos. Haruffan 24 ne, ana iya haddace su cikin mako guda, Bisharar Yahaya kuwa na cikin littattafan da Girkancinsu ya fi sauƙi, da ita ɗalibai da yawa ke fara karatu.